Koren zanzaro mai jan kyankyaso kamar akuya: mene ne shi, kuma me ya yi masa?

Ɗalibi a Kerala:

Assalamu alaikum. Ina karatu a jihar Kerala da ke kudancin Indiya, kuma jiya da hantsi na ga wani abu a bayan ɗakin kwananmu wanda har yanzu bai bar raina ba, shi ya sa na kawo shi gaban masana. Na fita shanya kaya ke nan bayan ruwan sama ya ɗauke, sai idona ya faɗa kan wani ƙwaro a bakin kwata, daidai inda bututun ruwan wanka yake zubowa. Ƙirarsa ta zanzaro ce, da siririn ƙugu da dogayen ƙafafu, amma launinsa ya sha bamban da duk wanda na sani a gida. Kore ne shar mai surkin shuɗi, yana ɗaukar ido kamar ƙarfen da aka goge, cinyoyinsa na tsakiya da na baya kuwa jajaye ne wur. Tsawonsa bai wuce gaɓa ɗaya ta ɗan yatsa ba.

Kyansa ne ya fara tsayar da ni, amma abin da yake yi ne ya sa na ajiye bokitin na tsuguna. Ya riƙe wani ƙaton jan kyankyaso ta ɗaya daga cikin dogayen gashin nan biyu na kansa, waɗanda muke kira eriya, kuma na lura an gutsure su duka biyun sun zama guntaye. Yana tafiya da baya yana ja, kyankyason kuma yana biye da shi a kan ƙafafunsa shida, tamkar akuyar da aka ɗaura wa igiya za a kai ta kasuwa, alhali ya ninka mai jan nasa girma da nauyi. Can sai ƙwaron ya sake shi, ya shiga wata tsaga a gindin bango ya ɗan jima, kyankyason kuwa ya tsaya cak inda aka bar shi. Na sa tsinken tsintsiya na taɓa shi, ya yi taku ɗaya ya sake tsayawa. Duk wanda ya taɓa bin kyankyaso da takalmi ya san wannan ba halinsa ba ne. Daga baya ƙwaron ya fito ya ja shi cikin tsagar, sannan ya shiga jigilar tsakuwoyi da guntayen busasshen ganye yana toshe bakin, har wurin ya koma kamar ba a taɓa yin komai ba.

Ina roƙon a sanar da ni sunan wannan ƙwaro, da abin da ya yi wa kyankyason har ya hana shi gudu, da kuma ko yana da haɗari ga mutum. Akwai wata tambayar da ta fi damuna: gidanmu a can gida yana fama da kyankyasai masu fitowa daga salga da dare, kuma mahaifiyata ta gaji da fesa magani. Shin ba za a iya amfani da irin wannan ƙwaro a rage su ba?

Malamin Ilmin Halittu:

Wa alaikumus salam, ɗalibi. Ka yi sa'a, domin abin da ka gani da idonka a bakin kwata, da yawa daga cikinmu da muka karanci ƙwari a takarda kawai muka san shi. Bisa yadda ka siffanta launin jikin da jan cinyoyin, wannan shi ne ƙwaron da masana ke kira Ampulex compressa, wanda wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Fabricius ya fara rubuta bayaninsa a 1781. Sunan da Turawa suka laƙaba masa yana kamanta shi ne da dutsen ado, wato zumurrudu. Mazauninsa ƙasashe ne masu zafi na kudanci da kudu maso gabashin Asiya, da sassan Afirka, da tsibiran tekun Fasifik. Wadda ka gani mace ce, saboda haka daga nan zan riƙa cewa ita. Macen takan kai milimita 22, namijin kuwa ya fi ta ƙanƙanta kuma ba shi da ƙari, wato abin harbi, sam, domin ƙarin irin waɗannan ƙwari asalinsa kafar saka ƙwai ce ta mace.

Ka iske aikin ne ya riga ya yi nisa. Farkonsa shi ne ta yi wuf ta cafke faifan nan mai kama da garkuwa da ke rufe bayan kan kyankyaso da muƙamuƙanta, ta lanƙwaso cikinta ta ƙarƙashinsa, ta harbe shi a ƙirji, daidai kan ƙullin jijiyoyin da ke sarrafa ƙafafunsa na gaba. Dafin yana ɗauke da wani sinadari da ake kira GABA tare da wasu makamantansa, masu katse saƙon jijiya, sai ƙafafun gaban su shanye na minti biyu zuwa uku. Wannan ɗan lokacin kawai take bukata, domin harbi na biyu aiki ne da ba ya yiwuwa idan mai shan sa yana fizge-fizge. Takan soka ƙarin ta fatar wuyansa mai laushi, ta tura shi sama har cikin kai, ta zuba dafin a ƙwaƙwalwa da kuma ƙullin jijiyoyin da ke ƙarƙashin maƙoshi.

A nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani, domin ƙwaƙwalwar kyankyaso ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma ita macen ba ta ganin inda ƙarinta yake tafiya. Farfesa Frederic Libersat na Jami'ar Ben-Gurion a Isra'ila da abokan aikinsa sun shafe shekaru a kan wannan batu. A 2003 sun sa wa dafin alama da wani sinadari da na'ura ke iya bin sawunsa, suka tarar da shi a cikin waɗannan ƙullayen jijiyoyi na kai, ba watse yake cikin jiki ba. A 2014 kuma sun nuna cewa bakin ƙarin yana da 'yan gaɓoɓin ji waɗanda take lalube da su. Da suka cire wa kyankyaso ƙwaƙwalwa tun kafin a harbe shi, sai macen ta daɗe ƙwarai tana lalube cikin kan tana neman abin da babu shi, da suka sa wani ɗan curi mai tauri irin na ƙwaƙwalwa a gurbin kuwa, sai ta gama cikin lokacin da ta saba.

Bayan harbi na biyu kyankyason yakan tashi ya shiga gyaran jiki ba ƙaƙƙautawa na kimanin rabin awa, yana lasar ƙafafu yana goge eriya, kuma an danganta wannan da sinadarin dofamin da ke cikin dafin. A wannan tsakanin ita kuma takan tafi neman rami. Idan ta dawo sai ta gutsure eriyar biyu wajen rabinsu, ta tsotsi ruwan jikin da ke fitowa, wanda shi ne jinin ƙwari, sannan ta kama guntun ta fara ja. Daga nan ne kai ka fara kallo.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta shi ne kyankyason bai shanye ba. Ƙafafunsa lafiya lau suke, shi ya sa ka ga yana takawa da kansa. Idan aka kifar da shi zai juyo ya miƙe, idan aka jefa shi cikin ruwa zai yi iyo, sai dai ba zai daɗe ba zai daina. Abin da aka ɗauke masa shi ne zuciyar fara tafiya don kansa, da zaburar nan da ke sa shi tserewa da zarar iska ta motsa a bayansa. Masu binciken sun gano cewa dafin yana dakushe aikin wani sinadari mai suna oktofamin, wanda ke zaburar da ƙwari su motsa, kuma da suka yi wa kyankyasan da aka harba allurar abin da ke kwaikwayon wannan sinadari a ƙwaƙwalwa, sai suka koma yawo. Hikimar abin a fili take: ita ba ta da ƙarfin ɗaukarsa, saboda haka ta bar masa ƙafafunsa ya kai kansa inda take so. Kuma idan aka raba shi da ita kafin ta saka ƙwai, yakan warware cikin kimanin mako guda ya ci gaba da rayuwarsa.

Game da haɗari, ka kwantar da hankalinka. Ba ta zaman taro kamar rina ko ƙudan zuma, ba ta da sheƙar da za ta tsare, kuma ba ta bin mutum. Sai dai kada ka kama ta da hannu, domin duk mai ƙari idan aka matse shi zai yi harbi.

Baba Magini:

Malam, Allah ya ƙara ilmi. Ni ban yi karatun zamani mai zurfi ba, amma na shafe shekaru masu yawa ina gini da yaɓe, kuma babu zaure ko soron da na taɓa gyarawa ban iske gidan zanzaro a jikin azara ko a kusurwar bango ba. Sau da yawa idan na ɓalle gidan, sai in ga korayen tsutsotsi a jere cikin kowane ɗaki, wani lokaci kuma gizo-gizo, ba su mutu ba, ba su kuma iya tafiya, sai dai ɗan motsi idan an taɓa su. Tun muna yara ake gaya mana cewa zanzaro ba ya haihuwa, tsutsar wani yake ɗaukowa ya rufe ta da laka har ta rikiɗe ta zama ɗansa. Bayaninka ya sa na fara shakkar wannan magana, kuma ina so a warware mini ita.

Sannan akwai wani ɗan ƙaramin ƙwaro da nake yawan gani yana shawagi a kusa da gidajen zanzaron, musamman da damina. Shi ma kore ne mai sheƙi, wani lokaci da shuɗi irin na rawani ɗan Kura da ya sha bugu. Na taɓa rufe ɗaya da tafin hannu a jikin taga, da na buɗe sai na tarar ya dunƙule kamar dutsen wuya, bai harbe ni ba. Ko shi ne wanda yaron nan ya gani a Indiya? Ba zan ɓoye ba, labarin kyankyason ya taɓa ni, duk da cewa ba ƙaunarsa nake ba. Halitta ta ga ramin da za a rufe ta a ciki, ƙafafunta lafiya, amma ta taka ta shiga, wannan abu ne da ke sa mutum ya yi shiru ya tuna ikon Allah.

Malama Mai Nazarin Ƙwari:

Baba, barka da ƙoƙari, kuma abin da ka lura da shi a jikin bango ya fi abin da wasu ɗalibaina ke kawowa daga fili. Zanzaro yana haihuwa. Tsutsotsi da gizo-gizon da kake gani guzuri ne uwar ta tanada: takan harbe su su shanye, ta jera su a ɗakin laka, ta saka ƙwanta ɗaya a ciki, ta liƙe. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsarta ce ke cinye su, ita ce kuma ke fitowa da fukafukai. Mutanen zamanin da sun ga tsutsa ta shiga, sun ga zanzaro ya fito, ɗan ƙwan da ke tsakani ne bai faɗo musu a ido ba. Bambancinsa da wadda Malam ya bayyana shi ne zanzaronmu yakan zaɓi abin da zai iya ɗauka ya tashi da shi, don haka shanyar da shi gaba ɗaya ya wadatar.

Ɗan ƙwaron da ya dunƙule a hannunka kuwa dangi ne dabam, ana kiran zuriyarsu Chrysididae, kuma an san nau'i kusan 3,000 nasu a duniya. Su ma Turawa sukan kira su da wancan suna na dutsen ado, shi ya sa ake yawan rikita su. Gajeru ne dunƙulallu, fatarsu mai kauri ce da 'yan ramuka kamar an sassaƙa, kuma ba sa farauta ba sa gini. Macen takan yi fakon uwar zanzaro ta fita, ta shiga ta saka ƙwanta a ɗakin, sai tsutsarta ta cinye ɗan masu gida ko guzurinsa. Idan mai gida ta ritsa ta, sai ta naɗe kanta cikin lotsawar da ke ƙarƙashin cikinta ta zama curi, yadda harbi ko cizo ba ya samun wurin shiga, sai dai a ɗauke ta a jefar waje. Yawancinsu ƙarinsu ya dakushe, shi ya sa ba ta harbe ka ba. Sheƙin nan nasu kuma ba rini ba ne, siraran shimfiɗu ne a cikin fatar da ke mayar da haske, don haka wanda ya shekara da shekaru a akwatin ajiya yana nan da ƙyallinsa.

Bari in ɗora daga inda Malam ya tsaya, domin abin da ke faruwa a bayan tsakuwoyin nan shi ne ɓangaren da ya fi ɗaukar hankalina. Kafin ta toshe ramin, uwar ta manna farin ƙwai guda mai tsawon kimanin milimita 2 a gindin ƙafar kyankyason ta tsakiya. Bayan kwana uku ya ƙyanƙyashe. Tsutsar takan huda fata mai laushi a wurin ta yi kwana huɗu zuwa biyar tana tsotso daga waje, sannan ta kutsa cikin cikinsa ta ci kayan ciki na kimanin mako guda, kuma a cikin wannan lokaci ne yake mutuwa. Dalilin barinsa da rai tun farko shi ne gawa takan ruɓe cikin kwana ɗaya ko biyu a irin zafin Kerala, mai rai kuwa namansa yana nan ɗanye. An ma auna an ga wanda aka harba numfashinsa yakan ragu, ruwan jikinsa kuma ba ya saurin ƙafewa.

To amma kyankyaso mazaunin kwata da salga ne, jikinsa cike yake da ƙwayoyin cuta, ta yaya jaririyar tsutsa za ta zauna cikinsa makonni ba ta kamu ba? Gudrun Herzner ta Jami'ar Regensburg a Jamus da abokan aikinta sun amsa wannan a 2013. Sun ga tsutsar tana fitar da wani ruwa daga bakinta tana shafe cikin kyankyason da shi lungu-lungu, kuma ruwan yana ɗauke da sinadarai biyu, melein da mikromolid, masu hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, har da wata mai suna Serratia marcescens da ke kashe tsutsotsin ƙwari. Wato sai ta tsabtace ɗakin kafin ta saƙa wa kanta kwanso ta kwanta a ciki.

Kai kuma ƙanena mai tambaya, na fahimci damuwarka game da Mama, amma an riga an gwada abin da kake tunani. A 1941 wani masanin ƙwari mai suna F. X. Williams ya kai wannan zanzaro tsibiran Hawayi daga Sabuwar Kaledoniya, duka a tekun Fasifik, don ya rage kyankyasai. Ya zauna ya hayayyafa, amma kyankyasan ba su ragu yadda aka so ba. Mace ɗaya, bayan barbara sau ɗaya tak, 'yan gomomin kyankyasai take iya kamawa a tsawon rayuwarta ta 'yan watanni, kowane ɗaya da aikinsa na sa'o'i, kuma ba ta son wata ta raɓi yankinta, alhali macen kyankyaso ɗaya tana zuba kwanson ƙwai bayan kwanso, kowanne da ƙwai kimanin 16. Lissafin ba ya haɗuwa. Ɗaukar ƙwaro daga wata ƙasa zuwa wata kuma ba abu ne da mutum zai yi da kansa ba. Abin da zai taimaki Mama shi ne murfi mai kama bakin salga sosai, da liƙe tsagogin bango da siminti, da hana ruwa kwanciya a tsakar gida, da rufe abinci da dare. Jan kyankyason nan, Periplaneta americana, duk da sunan Amurka da ke jikinsa asalinsa ɗan Afirka ne, jiragen ruwa ne suka yaɗa shi duniya, kuma wanda ka gani a Kerala shi ne dai na salgar gidanku.

Ɗalibi a Kerala:

Na gode Malam, na gode Malama, Baba kuma Allah ya ƙara girma. Na haƙura da batun kai shi gida, kuma na riga na yi waya a nemo mai gyaran murfin salgar. Yau da safe na koma na duba tsagar, tana nan a toshe, na kuma roƙi mai sharar wurin kada ya watsa ruwa a gindin bangon. Abu ɗaya ya rage mini. Kyankyaso yana da gudu, yana da ƙayoyi a ƙafa, ya kuma fi ta girma nesa ba kusa ba. Shin ba ya kare kansa ne tun kafin harbin farko, ko kuwa duk wanda ta sa wa ido tasa ta ƙare?

Malamin Ilmin Halittu:

Yana karewa, kuma sau da yawa yana yin nasara. Kenneth Catania na Jami'ar Vanderbilt a Amurka ya ɗauki karon nasu da kyamara mai saurin ɗauka, ya fitar da sakamakon a 2018. Kyankyason da ya ankara da zuwanta yakan miƙe a kan ƙafafunsa ya yi tsayi, ya kawar da wuyansa daga inda za ta kai, yana bin motsinta da eriya. Idan ta matso sai ya ja ƙafar baya mai ƙayoyi, ya saki shuri a kanta da ƙarfin da ke wurgar da ita gefe, kuma idan ta sha irin wannan sau da dama takan haƙura ta tafi neman wani. Ko ta riga ta cafke shi, yakan sa ƙayoyin ƙafa ya kankare ta, ko ya kai mata cizo a ciki. A cikin manyan kyankyasan da suka tsaya suka yi faɗa, kashi 63 cikin 100 sun kai minti uku ba a harbe su ba, wanda shi ne ma'aunin tsira a gwajin. Ƙananan da ba su gama girma ba kuwa kusan dukansu sun faɗa hannu, haka ma manyan da ta shammata. Saboda haka galibi damar tsirarsa tana nan ne tun kafin ƙarin ya taɓa ƙirji.

Tun da ka sa a bar maka wurin, rubuta ranar da ka ga an toshe shi. Daga saka ƙwai zuwa fitowar sabon zanzaro kimanin mako shida ne, zafi yana ɗan rage kwanakin, sanyi yana ƙara su. Daga mako na biyar ka riƙa leƙawa da safe. Idan ka tarar an ture tsakuwoyin daga ciki, sa tsinke a hankali ka jawo abin da ya rage: za ka ga busasshen ɓawon kyankyason bai wargaje ba, da huda a cikinsa inda ta fito, da kwanso mai ruwan ƙasa a kwance a ciki. Ka ɗauki hotonsa kusa da kwabo ko ƙwayar ashana don a ga girman, ka ɗora mana a nan, Baba ma ya gani ya gwada da abin da yake samu a gidan zanzaro.